Wuyan Rigar Suna

Duk wanda ya ce yadi yadi ne, bai taɓa ɗora almakashi a kan mai talewa ba. Atamfa tana da ladabi, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Shi kuwa yadin nan mai laushi da ake yi wa jarirai riguna, ɗan'uwan na singileti, ba ya jin magana. Ka yanka shi ya nannaɗe baki, ka sa shi a keke ya zille, ka ɗinka shi da ƙyar, a ja sau ɗaya zaren ya ce ɗas. Ladidi ta fi shekara ashirin tana ɗinkin mata a ɗakinta na Unguwar Shanu, yadi bai taɓa ba ta kunya ba sai wannan. Kuma ba don kowa ta sha wannan kunyar ba sai don Rahmatu.

Rahmatu ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a tsaya a nan an rage zance. Tana shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu. Ladidi amarya ce a lokacin, ko wata shida ba ta yi a ɗaki ba, ta ɗauko yarinyar ta ɗora a bayanta. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ma ba ta tsaya yi wa mutane dogon bayani ba. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce ɗaya, ta ci gaba da taka kekenta. Ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita ta koya mata riƙe allura. Ta yi fama da ita ta mai da allurar hannun dama har ta gaji ta ƙyale, don Rahmatu bahaguwa ce, ɗinkinta duk hagu yake kwantawa. Da lokaci ya yi kuma, ita ta kai ta ɗakin mijinta Nuraddeen a Unguwar Dosa, gida mai ƙofar ƙarfe da maigadi.

Mutanen gidan ba su taɓa wulaƙanta Ladidi ba, kar a yi musu ƙazafi. Suna gaishe ta, suna kawo mata lemo a faranti. Sai dai Hajiya Saratu, mahaifiyar Nuraddeen, kullum in za ta gabatar da ita sai ta ce, "Wannan yayar amaryarmu ce." Yaya. Ba ƙarya ba ne, amma duk lokacin da Ladidi ta ji sai ta ga an rage zance. Kalma ɗaya take so ta ji a falon nan, ko sau ɗaya ne kafin ta mutu: a ce ga uwar Rahmatu.

Da cikin Rahmatu ya fito, Ladidi ta ga ƙofa ta buɗe. Akwatin jariri na haihuwar fari aikin uwa ne, kuma ranar suna a gaban dangin miji ake buɗe shi, a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga abin da gidan su mai jego suka yi. Ta shiga kasuwa ta taya rigunan jarirai 'yan waje, ta ji kuɗinsu, ta mayar da su inda ta ɗauko cikin mutunci. Amma kafin ta mayar, sai da ta juya ɗaya ta ƙare wa cikinta kallo. Ta ce a ranta, to wannan ai ɗinki ne, ba daga sama ya faɗo ba, hannu ne ya yi shi.

Sai ta sayo yadin. Wata guda cur yana wasa da hankalinta. Baƙin kekenta mai ƙafa, wanda ta gada wajen mahaifiyarsu, miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, shi kuwa yadin yana so a bar masa wurin numfashi. Ta ɓata abin da ta ɓata. Rigar farko da aka wanke ta tsuke ta koma ta 'yar tsana, daga nan ta koyi wanke yadin tukuna kafin yanka. Ta sauya allura mai kaifin baki da mai ɗan dakushi, wadda ba ta huda zare. Ta gano in ta shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, tana ɗan jan yadin a hankali yayin da take takawa, zaren yakan sami rara, in an ja ya bi. Amma duk wahalar a wuya take. Rigar jariri ba ta da maɓalli, wuyan ne zai buɗe kai ya wuce, sannan ya koma ya kwanta luf a kafaɗa. In ya yi faɗi sanyi ya shiga ƙirji, in ya matse an azabtar da yaro.

Don haka ta samo wani ɗan duma mai girman kan jariri. Duk rigar da ta gama sai ta zura masa ta cire sau uku, in ta wuce ba gardama sannan ta ninke. Maƙwabciyarta Indo, Bazamfariya mai tuyar awara a ƙofar gida, ta leƙo wata rana ta tarar ana sa wa duma riga. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Ke Ladidi, wanga ɗa naki yaushe ne suna? A hwaɗa muna mu shirya!"

"Sai ya yi gashi," in ji Ladidi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Cikin yana wata bakwai Rahmatu ta zo wuni. Ladidi ta janyo akwatin daga ƙarƙashin gado ta buɗe mata. Riguna talatin da huɗu, da wanduna, da huluna ƙanana kamar ƙoƙon shan ruwa. A sama akwai wata fara mai koren wuya, wadda aka yi musamman don ranar suna. Rahmatu ta ɗauke ta ta manna a kumatu, idonta ya ciko.

"Yaya, ke kika yi wannan? A keken Inna?"

"A'a, aljanu na sa."

"Wallahi ranar suna da bakina zan faɗa musu. Sai na ce ku duba da kyau, hannun uwata ne."

"Ke dai Allah Ya sauke ki lafiya, ba sai kin faɗi komai ba," in ji Ladidi. Ƙarya take yi. Maganar nan ta ɗauke ta ta adana, kullum sai ta fito da ita ta duba.

Bayan sati biyu Rahmatu ta aiko a ba ta akwatin, wai tana so komai ya zama a kusa. Ladidi ta ba da shi da murna. Da aka haihu, namiji, Hajiya Saratu ta ce ba sai mai jego ta tafi wankan gida ba, ga ɗakuna nan birjik, ga mai dafa ruwa. Wannan ma Ladidi ta haɗiye, ta ce ai gaskiya ne, ɗaki ɗaya da rumfa ina za a sa baƙi. Ta je barka sau biyu ta ga yaron cikin kayan da ubansa ya sayo, Rahmatu ta ce akwatin an rufe shi sai ranar suna, don a gan shi sabo fil. Ladidi ta ji daɗin wannan ma. Mutum in yana son abu, kowane irin bayani aka ba shi karɓa yake.

Ranar suna yaro ya ci sunan Anas. Wanzami ya yi masa aski da hantsi, bayan azahar falo ya cika da mata, ƙamshin turaren wuta da na soyayyen nama sun gauraye. Ladidi ta sha sabuwar atamfarta, ta sami gefen kujera kusa da ƙofa. Rahmatu tana tsakiya ta sha ado, hannu da ƙafa duk lalle. Aka jawo akwati. Anti Rukayya, yayar Nuraddeen, wadda ba a raba ta da tabarau da hukunci, ita ta zuge zif ɗin ta ɗaga rigar farko.

Falo ya ɗauki "Masha Allah!" Ladidi ta sunkuyar da kai kamar amarya.

Anti Rukayya ta juya wuyan rigar, ta gyara tabarau. "Na faɗa! Tun daga nesa na gane. 'Yan Turkiyya ne, ga tambarin nan."

Ladidi ta ɗago. Ta ɗauka kunnenta ne. Amma ga shi nan kowa na gani: a bayan wuyan rigar akwai wani farin ƙyalle mai faɗin yatsa uku, da rubutun Turawa a jiki. Aka ɗaga ta biyu, akwai. Ta uku ma haka. Ita kuwa ta san ba ta sa wa ko ɗaya tambari ba, don ba ta da shi, kuma ba ta so komai ya goga wa yaro fata.

"Ai Rahmatu ta gaya mini," in ji Hajiya Saratu, tana duban Ladidi da fara'ar da ba ta taɓa yi mata ba. "Ta ce yayarta ce ta sa aka yo musu oda daga can. Kai, Ladidi, kin yi ƙoƙari. Allah Ya saka."

"Kayan waje daban ne," in ji wata mai mayafin ruwan hoda. "Duba wuyan nan don Allah. Telolinmu na cikin gida ina za su iya wannan? Su dai a ba su atamfa su ɓata."

Aka yi dariya. Ladidi ta nemi fuskar Rahmatu a cikin taron, ta same ta. Ita ma dariyar take yi, idonta a kan lallen hannunta.

Zuciya ba ta son laifin nata. Nan take Ladidi ta fara nema wa ƙanwarta mafita. Ta ce wannan aikin dangin miji ne, su suka kai wa wani tela ya liƙa, suka tsare yarinya da jego a jikinta, me za ta ce? Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ta riƙe wannan tunanin da hannu biyu, don in ta sake shi ba ta san inda za ta faɗa ba.

Sai Hajiya Saratu ta ce a kawo mata angonta ta sa masa farar nan mai koren wuya, a yi hotuna. Aka miƙo Anas daga wanka, kansa sumul yana sheƙi. Ta tattara rigar ta ɗora masa a ka, ta ja. Rigar ta tsaya a goshi. Ta sake ja, wuyan ya naɗe masa kunne ɗaya, yaro ya canyara kuka.

"Oh ni! Wannan kai na gidanku ne, Hajiya, ba a ɓoye shi," in ji wata tsohuwa. Aka sake dariya, amma gajeriya, don kukan ya sauya. Fuskar yaron tana cikin riga, ƙafafunsa na harbin iska, inda aka aske ya yi jawur. Aka cire, aka gwada wata shuɗiya, ita ma ta ƙi. Anti Rukayya ta ce ƙila ƙananan lamba aka aiko, a kawo almakashi a ɗan tsaga wuyan kawai.

Almakashi a wuyan da ta kwana uku tana gyarawa! Ladidi ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Kawo rigar nan, Hajiya."

Ta karɓa ta matsa kusa da taga. Ta san ciwon tun kafin ta duba. An ɗinke tambarin ta gefe huɗu da ɗinkin hannu, matsattse, kuma ƙyallen tambari ba ya talewa. Ya cinye kusan duk bayan wuyan, ya ɗaure shi tamau, sauran gaban kaɗai ke buɗewa. Duk mai ɗinkin da ya san yadin nan ba zai yi haka ba. Sai mai ɗinkin atamfa.

Ta kai rigar kusa da ido don ta ga inda za ta sa reza. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, tsaf, ba tsalle. An ƙulle ƙarshensa sau biyu an ɓoye bakin zaren a ciki, yadda ita take yi, yadda ta koyar. Kuma kowane ɗaya hagu ya kwanta.

Mutum yakan gane ɗinkin wanda ya koya wa kamar yadda yake gane tafiyarsa daga nesa. Ba tela, ba dangin miji. Hannun Rahmatu ne. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce, kunyar yadda ta zauna ɗazu tana sunkuyar da kai tana jiran yabo.

Amma yaro na kuka. Ta ciro reza daga jakarta, wadda ba ta rabo da ita, ta tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Tambarin ya faɗo a tafinta. Ta sa yatsu huɗu a wuyan ta buɗa, ya buɗe kamar hamma. Ta durƙusa gaban Hajiya ta zura wa Anas, kai ya wuce sulɓ, wuyan ya koma ya kwanta a kafaɗarsa. Yaro ya ja ajiyar zuciya biyu ya yi shiru.

"Ikon Allah!" in ji Hajiya Saratu. "Ke kuwa yaya aka yi kika gane?"

Ladidi ta miƙe tsaye. Ta juya ta dubi Rahmatu, ta ba ta fili. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga ranar ta zo har inda take zaune. Kalma uku ta ishe ta: hannun uwata ne. Da ta faɗe su, wallahi da Ladidi ta yafe komai a wurin, har ta taya ta neman abin da za a ce game da tambarin.

Rahmatu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ai Yaya takan ɗan taɓa gyaran kaya, Hajiya."

Takan ɗan taɓa. Shekara ashirin da keken da ya ciyar da ita, ya yi mata kayan makaranta, ya yi mata kayan ɗaki.

"Haka ne," in ji Ladidi. "Masu kamfanin ne suka matse wajen sa tambari. Bari in shiga ciki da akwatin in sassauta sauran, kar su wahalar da yaro."

Ta ja akwatin zuwa ɗakin mai jego, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta fara. Riga ɗaya, tambari ɗaya. Tana kan ta tara aka turo ƙofa, Rahmatu ta shigo ta mayar ta rufe, ta jingina da ita.

"Yaya..."

"Ina kika samo su?"

"Kasuwar Barci. Gwanjo na aika aka sayo mini, na ciccire."

"Kwana nawa kika yi kina ɗinkawa?"

Rahmatu ta ce, "Kamar sati biyu. In ba kowa a ɗakin."

Sati biyu. Ashe ba tsautsayin baki ba ne, ba ruɗewar taro ba ce. Zama ta yi da tsohon ciki, rana bayan rana, ta zare allura ta bi aikin watanni tana rufe shi riga bayan riga. Ladidi ta tsinke wani zaren.

"Yaya, don mutuncinki na yi. Ba ki san mutanen gidan nan ba. Da na ce ɗinkin gida ne, ko kyansa ba za su gani ba, sai dai su ce talauci. Yanzu ba ki ga yadda Hajiya ke kallonki ba?"

"Na gani."

"To kin gani."

Ladidi ta ci gaba da aikinta. Tana jiran abu ɗaya, ƙarami, wanda ko yaro ya iya faɗa. Ta rage hannu ma don ta ba shi lokacin fitowa. Rahmatu ta matso ta tsuguna kusa da ita, ta dafa mata gwiwa, irin dafawar da take yi tun tana ƙarama in tana son abu. Ladidi ta tsayar da rezar.

"Don Allah Yaya, ki bar ko guda biyar da tambarinsu. Na sama-sama. Anti Rukayya ta ce za ta dawo gobe ta ɗauki hotonsu, wai tana so a yo wa 'yarta irinsu."

Ladidi ta daɗe tana kallonta. Fuskar nan ta wanke ta da hannunta sau dubu, yau kuma kamar a mota suka haɗu.

"Kin ji kukan da ɗanki ya yi ɗazu?"

"Ba sai an sa masa waɗannan ba, ajiyewa kawai za a..."

Ladidi ta ɗauki riga ta goma. Ba ta tsaya ba har ta gama talatin da ukun da suka rage, kowace ta sa yatsu ta buɗa wuyan ta tabbatar, ta ninke ta mayar yadda ta jera su tun farko. Sannan ta tattara tambarin duka, har da na farar rigar, ta kamo hannun Rahmatu na hagu ta zuba mata, ta rufe mata yatsu a kai.

"Riƙe, waɗannan ne naki. Ɗinkin ya yi kyau, ban ga inda zan gyara miki ba."

Ta miƙe ta kakkaɓe zare daga atamfarta, ta yafa mayafi. A falo an fara fito da abinci, manyan kuloli a jere, Anas na barci a cinyar kakarsa cikin farar riga mai koren wuya. Ladidi ta tsaya ta dube shi. Rigar ta zauna masa yadda ta zauna wa duma, har ta fi. Ta shafa kansa da bayan yatsa, ta nufi inda ta bar takalmanta.

"A'a, ina kuma za ki?" in ji Hajiya Saratu da ƙarfi, yadda duk falon zai ji. "Ku taso da ita daga bakin ƙofar nan, ta dawo nan kusa da ni. Rukayya, zubo wa uwar mai jego abinci. Uwar da ta yi irin wannan akwati ai ba a bar ta ta tafi da yunwa ba."

Ga kalmar nan ta zo, a falon da ta so, a bakin da ta so, a gaban mutanen da ta so. Ladidi ta saurari zuciyarta ko za ta motsa. Ba ta ji komai ba sai nauyin rezar da ke cikin jakarta. Ta hango Rahmatu a ƙofar ɗaki, hannunta na hagu a dunƙule cikin mayafi.

Ta zura takalmi ɗaya, ta zura ɗayan.

"Yayarta ce ni, Hajiya," in ji ta. "Uwarta ta rasu tun tana shekara huɗu."